Babi na Bakwai: Anka, Zane da Jarfa a Ƙasar Adar

Ƙasar Adar, wadda ta tashi daga duwatsun Keita da Buza ta miƙe har filayen da ke arewa da birnin Tawa, inda garin Barmu yake a kan iyakar manoma da makiyaya, ƙasa ce da ke nesa ƙwarai da teku, domin kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan babbar mota kafin su iso kasuwanninta. Saboda haka anka, wato ƙarfen nan mai nauyi da ake ɗaura wa sarƙa a jefa ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya wuri guda, ba ta cikin kayan da maƙeran Adar suka gada. Duk da haka siffarta ta daɗe da shigowa ƙasar, da farko a jikin tufafin soja, daga baya a cikin labaran 'yan cirani da suka ga tashoshin gaɓar teku, a yau kuma a dantsen 'yan ƙwallo da mawaƙan da matasa ke kallo a waya. Da ta shigo, ta tarar da mutanen da suka riga suka ƙware wajen karanta abin da aka rubuta a fatar ɗan Adam, waɗanda kallo ɗaya ya ishe su su faɗi asalin baƙo tun bai buɗe baki ba.

Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa wannan ƙasa mai fama da ƙarancin ruwa ta taɓa zama gindin teku. Kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau ya rufe kwarin da ya haɗa Tawa da Sakkwato, kuma shi ne ya bar farar ƙasar da kamfanin siminti na Malbaza yake haƙa, da ɓawon kifayen kwanso da yara ke tsinta a kan tuddai. A dutsen Igdaman, cikin jihar Tawa, an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da kada, wadda aka raɗa wa sunan dutsen a 1991. Ruwan da ya saura wa mutanen yau shi ne na tafkuna, kuma mafi shahara a kusa da Barmu shi ne tafkin Tabalak da ke gabas da ita a kan hanyar Agadas, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, inda masunta ke kama karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa.

A irin wannan ruwa marar zurfi mai kwale-kwale ba ya buƙatar anka ta ƙarfe, domin doguwar sandar da yake tura jirgin da ita, ita ce yake kafawa a cikin laka ya ɗaure jirgin a jikinta, idan kuma taru ne ko mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, yake so ya kwana a wuri ɗaya, sai ya ɗaura masa dutse ya sake. Wannan dutse shi ne kakan dukan ankoki. A Wadi al-Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar, tashar da aka yi amfani da ita a zamanin Fir'auna Khufu kimanin shekara 4,500 da suka shige, masu tonon tarihi sun sami ankokin dutse kusan 100, kowanne da ramin zura igiya, kuma jirgin fataken da ya nutse a Uluburun, kusa da gaɓar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ɗauke da guda 24. Illar dutse ita ce da nauyinsa kaɗai yake riƙewa, don haka duk lokacin da jirgi ya ƙara girma dole dutsen ya ƙara, har ya kai matsayin da ma'aikatan jirgin ba za su iya ɗago shi ba.

Mafitar da aka samu ita ce a daina dogara ga nauyi a koma ga kamu. Duk wanda ya ga yadda ake zura ƙugiya mai baki uku ko huɗu a cikin rijiya mai zurfi don a lalubo gugan da ya tsinke ya riga ya fahimci rabin hikimar, domin akwai wata ƙaramar anka mai wannan siffa daidai, wadda ƙananan jirage ke amfani da ita a inda ƙasan ruwa duwatsu ne, ko ta ina ta faɗi sai baki ɗaya ya sami abin da zai maƙale. Sai dai a cikin yashi ko laka siraran bakuna yanka ƙasar kawai suke yi su wuce, shi ya sa aka faɗaɗa su suka zama haƙora masu faɗi da ke nutsewa su tokare.

Ankar da kowa ya sani a hoto tana da gaɓoɓi huɗu. Akwai ƙota, wato dogon ƙarfen tsakiya. A ƙasanta hannuwa biyu sun lanƙwaso sama, kowanne ya ƙare da haƙori mai faɗi. A samanta akwai zoben da ake ɗaura igiya ko sarƙa. Sannan ƙasa da zoben kaɗan akwai sandar gicciye, wadda ita ce sirrin abin gaba ɗaya, ko da yake masu zanen hoto sukan kwantar da ita daidai da hannuwan don ta shiga takarda. A zahiri tana fuskantar wani ɓangare dabam da na hannuwan, ta yadda idan ankar ta faɗi hannuwanta a kwance, sandar ce za ta tsaya a kan ƙarshenta, kuma da zarar jirgi ya ja igiya sai ta kife, ta juya hannuwan su miƙe, haƙori ɗaya ya soki ƙasa ya yi ta nutsewa gwargwadon ƙarfin jan. Girkawa da Rumawa sun san wannan dabara, suna yin ƙotar da itace, sandar gicciyen kuma da dalma, kuma a tafkin Nemi na Italiya, inda aka janye ruwa tsakanin 1928 da 1932 don a fito da manyan jiragen Sarki Kaligula, an sami ankar ƙarfe da ba ta da wani bambanci mai yawa da wadda hukumar sojan ruwan Ingila ta tsayar a matsayin samfurinta a 1852.

Wannan tsohuwar anka tana da aibi biyu da suka sa manyan jirage suka rabu da ita. Haƙori ɗaya ne kawai yake aiki, ɗayan yana tsaye yana kallon sama, don haka idan iska ta juya jirgi ya kewaya, igiya takan naɗe shi ta tumɓuke ankar, a ruwa marar zurfi kuma yana iya huda cikin jirgin. Na biyu, sandar gicciyen tana hana ta shiga ko'ina, sai an rataye ta a gefen jirgi da wahala mai yawa. An yi rajistar anka marar sandar gicciye a Ingila tun 1821, amma sai a ƙarshen ƙarnin ta karɓu, kuma sojan ruwan Ingila suka rungume ta a 1903. Haƙoranta biyu suna motsi a kan wani ƙarfe a gindin ƙota, su sunkuya tare su shiga ƙasa, idan kuma aka naɗe sarƙa sai ƙotar ta shige cikin wata kafa a goshin jirgin, haƙoran su kwanta a waje. Ba ta kai tsohuwar kamu ba idan nauyinsu ɗaya, amma mutum biyu ko uku da inji sun isa su sake ta su ɗago ta, kuma a harkar fatauci sauƙi yakan rinjayi inganci. Babbar ankar jirgin Titanic, wadda aka ƙera a Netherton a 1911, ta haura tan 15, kuma dawaki 20 ne suka ja ta zuwa tashar jirgin ƙasa.

Ƙarni na 20 ya kawo ankoki marasa nauyi masu tsananin kamu. A 1933 masanin lissafi Geoffrey Taylor ya ƙirƙiro mai siffar bakin garma, wadda ke huɗa ƙasa ta binne kanta. Ba'amurke Richard Danforth ya fito da mai faffaɗan haƙora biyu da ke kwanciya shafe, wadda jiragen sauke sojoji a bakin gaɓa suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu don janyo kansu baya daga yashi. A shekarun 1970 kuma Peter Bruce ya ƙera mai yatsu uku, wadda aka yi manyanta don rijiyoyin man fetur na Tekun Arewa. Akwai kuma mai kama da kwano da ƙota a tsakiya, wadda ake bari ta nutse a laka shekara da shekaru don riƙe fitilun kan ruwa. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne ba sa kamu sai an ja su a kwance, shi ya sa ake sakin sarƙa mai tsawon zurfin ruwan sau biyar zuwa bakwai, nauyin sarƙar ya kwantar da ita a ƙasa ya kuma shanye fizgar iska. Idan za a tashi, jirgi ne yake matsowa har ya daidaita a kan ankar, sarƙa ta miƙe tsaye, ƙota ta ɗago, haƙoran su ɓalle daga ƙasa ba tare da gardama ba.

Tun kafin a fara zana ta a fata, anka ta riga ta zama tambari. Salukus, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandari, wanda ya kafa daula a Iraƙi a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya buga ta a kan kuɗinsa, kuma marubutan dā sun ruwaito cewa an haife shi da tabo mai siffarta a cinya, har zuriyarsa suna gadon tabon, labarin da ko bai tabbata ba yana nuna yadda sarauta ke son shaida a jiki. Kiristocin farko sun sassaƙa ta a kaburburan ƙarƙashin birnin Rum da ma'anar bege. A Ingila kuwa, anka da igiya naɗe a jikinta ita ce hatimin babban kwamandan jiragen yaƙi tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma daga nan ta bazu zuwa huluna da maɓallan sojan ruwa na ƙasashe da dama, har da na Najeriya. Abin dariya a nan shi ne igiyar da ta naɗe anka alama ce ta aikin da ya ɓaci, abin da kowane ma'aikacin jirgi yake gudu, amma ita ce masu zane suka fi so saboda ta fi kyau a ido.

Ta wannan hanya ta tambari anka ta fara isowa Adar. Rundunonin da Faransa ta ci ƙasashen Afirka ta Yamma da su asalinsu na ma'aikatar sojan ruwa ne, kuma ko da dokar 1900 ta mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi da sunan sojan mulkin mallaka, ba su yar da alamarsu ba. Hafsoshin da suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20 suna ɗauke da anka mai ruwan zinariya a goshin hula da kan maɓallai, kuma sojojin Afirka da ake kira tirayar, rundunar da Gwamna Faidherbe ya kafa a Sanagal a 1857, sun sa ta a wuyan riga. Ga talakan Adar na wancan lokaci, wannan ƙarfe mai hannu biyu ba shi da wata alaƙa da ruwa, alama ce ta mai karɓar haraji da mai ɗibar mutane aikin tilas. Sai waɗanda aka ɗauka soja aka zuba a jirgi zuwa Marsai ko Indocin, mazan jiyan da suka dawo da lambobi a ƙirji, su ne suka ga ainihin abin yana faɗawa ruwa da ƙarar sarƙa.

Jarfa, wato zanen da ake yi ta hanyar huda fata da tsini a cusa baƙi ya zauna har mutuwa, ta yaɗu a tsakanin ma'aikatan jiragen Turai da Amurka a ƙarni na 18, musamman bayan da jirgin Kyaftin Cook ya isa Tahiti a 1769 mutanensa suka ga gwanintar mazauna tsibiran, ko da yake akwai masu yin ta a Turai tun kafin haka. A cikin jirgi ake yin ta lokacin da iska ta kwanta aiki ya yi sauƙi: a ɗaure allurai uku ko huɗu a bakin tsinke, a zana siffar a dantse, a miƙe fatar da yatsu, a yi ta sukar layin ana shafa tawada ko albarushin da aka dama, hannun ya kumbura kwanaki kafin ɓawon ya faɗi ya bar shuɗin zane. Injin jarfa mai lantarki, wanda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a New York a 1891, ya mayar da abin sana'ar shago a unguwannin tashar jirgi, kuma mutane irin su Norman Collins na Honolulu, wanda ya rasu a 1973, su ne suka tsayar da salon baƙin layi mai kauri da aka san ankar jarfa da shi a yau.

A al'adar 'yan jirgi kowane zane da abin da yake faɗa. Anka tana nufin mai ita ya ƙetare Tekun Atlantika ko yana aikin jiragen fatake, tsattsewa tana tsayawa a madadin mil 5,000 na tafiyar teku, kunkuru na wanda ya tsallake layin da ya raba duniya biyu ne, ankoki biyu a gicciye tsakanin babban yatsa da manuni kuma na mai kula da igiyoyi da sarƙoƙin jirgi. Bai kamata a ɗauki wannan fassara kamar doka ba, domin yawancinta an tsara ta ne daga baya, kuma babu wanda yake duba takardar tafiyar mutum kafin ya soka masa allura. Abin lura shi ne ankar da ake zanawa har gobe ita ce tsohuwar mai sandar gicciye, wadda manyan jirage suka jingine fiye da shekara 100 da suka wuce.

A ƙasar Hausa lamarin ya bi wata hanya dabam, domin ba mai jiki ne yake zaɓa ba. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, wanzami yakan zo da zabirarsa, jakar fata mai aljifai da yake jera asake da ƙahonin ƙaho a ciki, ya aske wa jariri gashin da ya zo da shi, a gidajen da ke da al'adar kuma ya yi masa zanen gidansu. Wata dattijuwa ce take riƙe yaron a cinya ta danne kansa, wanzamin ya tattaro kumatun da yatsu biyu ya ja aska da sauri, layi bayan layi, sannan ya shafa garin gawayi ko baƙin tukunya don jinin ya tsaya tabon kuma ya fito sosai, duk kafin kukan ya kai ƙofar gida. Layukan da aka ja ƙanana a fuskar jariri suna girma tare da shi. Zanen Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, suna tashi daga gefen baki su bazu zuwa kunne. Na Arawan Dogon Dutsi dogaye ne daga baki zuwa kunne. Bille layi ɗaya ne da ke gangarowa daga gefen hanci. A fadar Kano kuwa uku-uku a gefen baki shaida ce ta bayin sarki. Ban da zanen asali akwai tsagar magani, da ake yi a goshi ko ciki ko gaɓa saboda ciwo, akwai kuma ta ado, wadda 'yan mata ke zuwa da kansu a yi musu, kuma ita ce ta fi kusa da jarfar 'yan jirgi. Wannan jarfa ta ado ta fi ƙarfi a wurin Fulanin Bororo da ke taruwa a kewayen Abalak da Ingal a ƙarshen damina, masu ɗigo-ɗigo da ƙananan siffofi a gefen baki da ido.

Tarihin Adar ya isa ya bayyana dalilin da zai sa iyaye su yarda a tsaga fuskar ɗan kwana bakwai. Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace ƙasar daga hannun Kabi wajen 1674, zuriyarsa kuma suka riƙe sarautar Adar a Illela, sannan a ƙarni na 19 ta zama fagen ja-in-ja tsakanin daular Sakkwato da Abzinawan Kel Geres a kudu da na Iwillimidan a arewa, kamar yadda Djibo Hamani da Nicole Echard suka nuna a littattafansu na 1975. A zamanin da hari zai iya raba yaro da garinsu kafin ya iya faɗin sunan ubansa, zane shi ne abin da ba a iya tuɓe masa, kuma da shi dangi ke gane nasu su fanso shi ko bayan shekaru. Makiyayan da ke kawo raƙuma kasuwar Barmu suna bin wannan ƙa'ida a kan dabbobinsu, inda kowane gida yake da lalas ɗinsa, wato tambarin da ake ɗora wa dabba da ƙarfe mai zafi.

A nan ne al'adun biyu suka haɗu, kuma sun haɗu a kan teku ɗaya a zamani ɗaya. A 1796 Amurka ta fara ba ma'aikatan jiragenta takardar kariya, domin sojan ruwan Ingila suna tare jirage su kwashe mutane da ƙarfi da sunan 'yan ƙasarsu ne, kuma tun da babu hoto a lokacin, akawu yakan rubuta tsawon mutum da tabbansa da jarfarsa. Masanin tarihi Ira Dye, wanda ya bi irin waɗannan takardu na birnin Filadalfiya daga 1796 zuwa 1818, ya tarar cewa haruffan suna ne suka fi yawa a jikin mutanen, anka kuma tana kan gaba a cikin siffofin teku. Daga 1808, a Firitawun ta Saliyo, akawun Ingila suna cika wasu manyan littattafai da sunayen bayin da aka ƙwato daga jiragen masu fataucinsu, kuma su ma suna da gurbin da ake bayyana zanen fuska da na jiki, wani lokaci har a kwaikwayi siffarsa da alƙalami, don kada a sake sayar da wanda aka 'yanta. Akwai Hausawa a cikin waɗannan mutane, kuma masu bincike na yau suna amfani da zanen wajen gano yankin da aka kamo su. Duka takardun biyu sun dogara ga fata a matsayin shaida, sai dai ta ɗan jirgi tana faɗin inda ya je da wanda yake so, ta Bahaushe kuma tana faɗin inda ya fito.

Wannan aiki na zane bai ƙare da zuwan Turawa ba, domin Adarawa suna cikin mutanen Nijar da suka fi kowa tafiya cirani. Da an gama girbi samari kan kama hanyar kudu, a dā zuwa Kumasi da Akara, har dokar korar baƙi ta Gana a 1969 ta karkatar da da yawa zuwa Legas da Abijan, birnin da ya bunƙasa bayan an haƙa mashigin Biridi a 1950 manyan jirage suka sami shiga. Jean Rouch ya bi sawun 'yan ciranin Nijar a binciken da ya wallafa a 1956, kuma fim ɗinsa na 1958 ya nuna Oumarou Ganda yana dako a tashar Abijan. A zango, unguwar baƙi 'yan arewa, fuska ce take fara gabatar da sabon zuwa, ta nuna wa mai masauki gidan da za a kai shi, ta kuma buɗe ƙofar wasan taubasantaka, yadda Bazabarme zai hango zanen Bagobiri daga nesa ya fara tsokanarsa kafin su gaisa, al'adar da UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014.

A yau zanen gado yana ja da baya, kuma dalilan sun taru ne daga wurare dabam-dabam. Malamai sun daɗe suna karantar da hanin jarfa, domin hadisin yana cikin Buhari da Muslim, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Tawa kamar yadda ake yi a Kano, ta ambace shi a sarari. Ma'aikatan lafiya suna gargaɗi a kan askar da ake yi wa yara da yawa aiki da ita saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Makaranta da birni sun sa wasu masu zane jin kunyar abin da kakanninsu ke alfahari da shi. Katin ɗan ƙasa kuma ya karɓe aikin shaida. A Najeriya dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta haramta yi wa yaro zane ko jarfa, ko da yake sai da jihohi suka amince da ita ɗaya bayan ɗaya. Mata sun koma ga abin da ke gogewa, lalle da dayis a madadin katambirin dā. Saurayin da ya dawo daga Abijan da anka a dantse, idan an samu, yakan rufe ta da hannun riga a gaban manya, kuma da wuya zanen ya zama shaidar ya ƙetare wani teku, domin ya ɗauko shi ne daga hoton wani tauraro wanda shi ma bai taɓa aikin jirgi ba.

Hanyar da ta ratsa Tawa da Tabalak zuwa Agadas ita ce matafiyan Afirka ta Yamma da yawa suka bi zuwa Libiya, kuma ko da yake Adarawa sun fi tsayawa aiki a Libiya da Aljeriya su dawo gida, abokan tafiyarsu da dama sun shiga ruwa. Bayan jirgin da ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa ranar 3 ga Oktoba 2013 da mutum fiye da 360, likitar binciken gawa Cristina Cattaneo da abokan aikinta na jami'ar Milan sun yi amfani da hotunan tabo da jarfa wajen haɗa wasu mamatan da danginsu. Ƙa'idar 'yan sandan duniya ta Interpol ta sa zanen yatsa da haƙora da ƙwayar halittar gado a sahun farko na shaida, tabo da jarfa a sahu na biyu, amma ga mutumin da bai taɓa zuwa wurin likitan haƙori ba, danginsa kuma suna wani ƙauye da babu wanda zai je ya ɗauki samfurin jininsu, sahu na biyun ne yakan rage. Shi ma yana da iyaka, domin jirgin da ya nutse ranar 18 ga Afrilu 2015 da ɗaruruwan mutane sai a 2016 aka ɗago shi, lokacin da fatar yawancinsu ta riga ta tafi. Inda fatar ta tsira, zanen gado yakan nuna wa mai bincike ƙasar da zai fara tambaya ba tare da ya ba shi suna ba, jarfar da mutum ya zaɓa wa kansa kuma ba ta faɗin ƙasa, sai an sami wani ɗan'uwa da ke riƙe da hoton da za a gwada ta da shi.